Wayar da Malam Misbahu Ya Binne

Malam Misbahu mai kwamfuta mutum ne da idan ya yi fushi da kai sai ya fi kullum ladabi. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Zai gyara hularsa, ya ce maka "to madalla," daga nan ka mutu a wurinsa, saura a yi maka sutura. Duk layin masallaci na unguwar Takur a Dutse an san shi da wannan hali. An kuma san shi da kirki, don wanda ya zo a buga masa takardar neman aiki bai taɓa komawa haka nan ba, ko da iska ce kawai a aljihunsa. Dogo ne siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaya gefen zare ne yake saƙalawa a kunne.

Ɗan garin Aujara ne. Mahaifinsu, Malam Ɗanmusa, manomi ne mai 'yan awaki, ya rasu ƙanen Misbahu, Kamilu, yana rarrafe. Mahaifiyarsu na can tana surfe a gidajen mutane, sai Misbahu ya zama mai goyo. Da zani yake ɗaure yaron a baya ya tafi gona, samarin gari na bin sa suna cewa, "Uwar Kamilu, a ba shi nono mana." Bai taɓa tanka musu ba.

Daga baya wani kawunsu ya kai shi Kano ya koyi buga tafireta. Shekarar da aka yanke sabuwar jiha daga Kano, aka wayi gari Dutse, garin da bai san komai ba sai dabino da duwatsu, ya zama babban birni, Misbahu ya rungumo tafiretarsa a cinya cikin mota ya sauka a tasha. Lokacin gari ya cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa fuska a ɗaure, kowa da takardar da yake so a buga masa. Wannan yana neman gida, wancan yana neman a mayar da shi inda ya fito. Aiki ya fi ƙarfin yatsu goma, sai ya aika Aujara aka turo masa Kamilu.

Kamilu gajere ne mai kumatu, ga murya. Idan ya yi dariya a shago har bakin masallaci ana ji, liman ma ya taɓa aikowa a rage. Shi ke karɓar baƙi, shi ke ciniki, shi ke sa mai fushi ya zauna ya jira. Da tafireta ta fara zama tsohon yayi, Misbahu ya haɗa abin da ya tara ya sayo tsohuwar kwamfuta, irin ta tebur. Kamilu kuma ya sayar da riɗinsa na shekarar da wani ɗan maraƙi ya sayo firinta, irin mai ƙara kamar ana yanka langa-langa da zarto. Saboda haka kwamfuta ta yayan ce, firinta ta ƙanen, kuma ɗaya ba ta tsinana komai sai da 'yar'uwarta.

Abin da ya haɗa su waya ce mai kauri kamar wutsiyar saniya, da kai mai faɗi da haƙora jeri biyu. Gajera ce, ba ta kai igiyar ɗaure akuya ba. Dole injinan su zauna kan tebur ɗaya, dole masu su su zauna gwiwa na gogar gwiwa. A bakin shagon akwai teburin Lado mai shayi, wanda ba abin da ke wuce kunnensa, kuma ba abin da ke kwana a bakinsa.

Rigimar ta faru ne wata rana da zafi, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wani darakta ya zo da kansa a buga masa jawabi, motarsa a kunne a waje, direba na danna ham. Firinta ta ƙi. Ta cinye takarda, ta tofo wasu baƙaƙe da ba na Hausa ba, ba na Turanci ba, ba na Larabci ba. Darakta na duban agogo, gumi na zuba daga haɓar Kamilu. Can sai ya buga tebur.

"Kai Misbahu, ka tura abin daidai mana! Sau nawa za a gaya maka?"

Tsurar sunansa, ba Yaya, ba Malam, a gaban baƙo. Lado yana cikin zuba shayi daga sama, ya manta da kofin, ya zuba a ƙafarsa. Misbahu ya gyara hula.

"To madalla."

Da yamma Kamilu ya ce, yana dariya yana rufe taga, "Yaya, a yi haƙuri, zafi ne ya kwashe ni." Misbahu ya ji sarai, amma bai ga haƙuri a ciki ba. A gaban mutane aka tsiraita shi, a gaban mutane yake so a mayar masa da rigarsa. Haka ya gaya wa Lado. Da Lado ya kai wa Kamilu wannan magana, shi ma jinin Malam Ɗanmusa ya motsa. Ya ce ya ba da haƙuri sau ɗaya, ba zai tara gari ya durƙusa ba don ya kira mutum da sunan da aka yanka masa rago.

Daga ranar magana ta ɗauke tsakaninsu. Amma gajeriyar wayar nan ba ta san an yi faɗa ba. Kullum da safe su zo, su zauna gwiwa da gwiwa, kowa ya kalli bangonsa. In akwai abin faɗa, sai a bi ta kan baƙo.

"Alhaji, don Allah gaya wa mai firinta ya sa takarda."

"Alhaji, gaya wa mai kwamfuta an sa tun yana neman tabaransa."

Alhajin da ya zo buga katin ɗaurin aure sai ya koma tafinta tsakanin mutum biyu masu harshe ɗaya. In babu baƙo, Lado ake kira. In Lado ya tafi ɗiban ruwa, sai a gaya wa fanka.

Mutanen layi ba su damu ba. Suka ce wanda ke shaƙar numfashin ɗan'uwansa daga safe zuwa magariba ba zai iya riƙe fushi har abada ba, a ba su zuwa Sallah. Kuma da alamar gaskiyarsu. Da azumi ya zo, aiki kan tsare su a shago har a kira salla, sai Kamilu ya tura ledar dabino da gwiwar hannu, a hankali, kamar iska ce ta kaɗa ta, har ta tsaya kusa da kwamfuta. Misbahu ya ɗauka yana kallon rufi. Wata rana wani ɗan kwangila ya zauna kan kujerar da ƙafarta ta karye, ya tafi da baya ƙafafu sama, babbar riga ta rufe masa fuska. Kamilu ya ƙyalƙyale. Misbahu ya ji dariya ta taso masa daga cibiya, ya cije leɓe, ya fita da sauri ya zaga bayan shago ya yi ta shi kaɗai har da hawaye.

A bayan shagon nan ne tsoro ya kama shi. Ya ga fushin yana zubewa daga hannunsa kamar gero a buhu mai huda. Saura kaɗan ya yi dariya tare da yaron, shi ke nan magana ta wuce, ba durƙuso, ba komai, kamar goyon da ya yi a banza ya yi shi. Bayan Sallah da 'yan kwanaki ya shiga motar Kano.

A Sabon Gari, wurin masu kayan kwamfuta, ya tambaya ko akwai wayar firinta mai tsawo. Mai shagon ya ce irin wannan wayar in ta yi tsawo saƙo yakan gaji a hanya ya lalace, shi ya sa ake yin ta gajera. Amma akwai dabara. Ya fito da wasu 'yan akwatuna biyu, kowanne kamar sabulun wanka. Ɗaya a soka shi a bayan kwamfuta, shi ke turawa. Ɗaya a soka a bayan firinta, shi ke karɓa, shi ne kuma ake ba wuta. Tsakaninsu sai siririyar waya irin ta tarho, mai 'ya'ya huɗu a ciki, kowanne da launinsa, a ja ta duk nisan da ake so. Ya ce kada a bi da ita kusa da wayar wuta, kada kuma a musanya akwatunan, don kamanninsu ɗaya amma aikinsu daban. Ya ɗiga wa ɗaya jan farce don a gane.

Misbahu ya dawo da kaya a leda da nadin waya a kafaɗa. Shirinsa shi ne ya kwashe kwamfuta ya mayar zauren gidansa, can ƙarshen layi bayan masallaci, firinta ta zauna a shago da mai ita. A hanya ya riga ya tsara yadda abin zai kasance. Zai fara zare wayoyi, Kamilu zai ga da gaske ne, zai miƙe ya riƙe masa hannu a gaban Lado da duk wanda ke wurin ya ce, "Yaya, kada ka yi haka." Shi kuma zai ɗan ja rai, sannan ya haƙura. Kayan Kano ma ba sai an buɗe su ba.

Ya zare wayar farko. Kamilu na kallo. Ya zare ta biyu, ya naɗe ta a hankali, ya sake warwarewa ya sake naɗewa. Kamilu ya miƙe. Misbahu ya tsayar da hannu yana jira. Sai yaron ya sunkuya ya ɗauki allon kwamfutar, wanda ya fi komai nauyi, ya ɗora a ka, ya nufi ƙarshen layi da shi.

Haka suka yi aikin tare, ba uffan. Misbahu kan tsani yana kafa ƙusa, Kamilu a ƙasa yana riƙe da tsanin yana warware waya. Suka fito da ita ta tagar shago, suka bi bayan katangar masallaci, suka shiga lungun da ke bayan gidaje inda ruwan wanka ke bi, suka shigo da ita zaure ta ƙarƙashin azara. Duk inda suka haɗu da wayar wuta sai su kauce mata. Rabin layin ya fito kallo.

Misbahu ya soka akwatuna, ya koma zaure, ya tura gwaji. Shiru. Ya tako har shago ya leƙa, ya koma. Ya sake turawa. Shiru. Ya buɗe kan wayar ya duba launukan, ja na wurin ja, kore na wurin kore. Ya yi ta safa da marwa har la'asar, rigarsa ta jiƙe. Matsalar ita ce ya manta ko mai jan farcen na kwamfuta ne ko na firinta, ya sa su a juye. Kamilu tun farko ya lura, don ramin ba da wuta yana jikin wanda aka kai zaure. Amma da wane baki zai faɗa? Sai ya leƙo ta taga.

"Lado, gaya wa butarka, wani ya sa wa jaki linzami a wutsiya."

Lado ya ɗaga murfin buta ya faɗa mata da ƙarfi, yadda har zaure za a ji. Misbahu ya zo ya musanya akwatunan bai kalli kowa ba. Ya koma ya tura. Can sai firinta ta fasa ƙara a shago, ba kowa kusa da ita sai Kamilu, takarda na fitowa ita kaɗai. Yara suka yi ihu, wata tsohuwa ta yi a'uziyya. Misbahu ya tsaya a ƙofar zaure yana jiyo ƙarar daga nesa, ana ta yi masa barka. Ya ci nasara, bai san kan wa ba.

Tsari ya zama haka. Ka kai aikinka zaure a buga, ka taka zuwa bakin titi ka karɓa. Masu ƙiba suka yi ta ƙorafi. Lado ya ce shi dai gaba ta kai shi, don duk wanda ya yi tafiyar sai ya nemi shayi.

Da farko wayar ta yi ta ba su dama. Inda ta sauko ƙasa a lungu, awakin unguwa suka gano ta, suka mayar da ita abin taunawa. Iska ta tsinka ta sau biyu. Duk ranar da ta yanke, sai ka ga 'yan'uwan a lungu, ɗaya riƙe da wannan bakin, ɗaya da wancan, kai na kusa da kai suna murɗa ja da ja. Ba magana, amma ana ganin juna. Misbahu ya ga furfura ta fara fito wa yaron a gefen kunne, ya yi mamaki. Da ya bar awakin nan da aikinsu, wataƙila da sun gama abin da mutane suka kasa. Amma shi mutum ne mai son aiki ya yi kyau. Ya sayo tiyo, ya zura wayar a ciki daga farko har ƙarshe, ya haƙa rami ya binne ta, ya daddale da ƙafa. Daga nan ba ta sake yankewa ba. Shekaru suka fara wucewa, gida da shago a layi ɗaya, masallaci ɗaya, ɗaya a sahun dama ɗaya a hagu. Matansu, Zinariya ta Misbahu da Fiddausi ta Kamilu, suna aika wa juna tuwo ta bayan fage. 'Ya'ya na wasa tare. Iyayen ne dai.

Da shari'a ta zo, aka kafa 'yan sulhu a unguwanni, aka ɗora Malam Izzuddeen, mai makarantar allo a Limawa, kan na yankin. Ba a jima ba ya zo zaure da kansa, ya zauna kan tabarma, ya ƙi shan ruwa.

"Malam Misbahu, an ce kai da ƙanenka ba kwa magana."

"Allah ya gafarta Malam, kullum tare muke aiki."

"Ban tambayi aiki ba. Ka san addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa ya wuce kwana uku ba. Kai ne babba. Sallama kawai za ka yi masa, ka sauke nauyin."

Misbahu ya cire tabarau ya shafa. Can ya ɗago.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Sallama a rubuce, sallama ce?"

"Sallama ce. Wanda aka aika wa ma wajibi ne ya amsa. Amma..."

"To madalla. Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Ya miƙe ya ɗauko wa Malam takalmansa ya jera masa a bakin ƙofa. Malam ya fita da sauran maganarsa a baki.

Washegari da safe, kafin aikin kowa, firinta ta yi ƙara a shago. Kamilu ya zaro takarda, layi ɗaya ne a samanta da manyan baƙaƙe: Assalamu alaikum. Haka gobe, haka jibi. Misbahu ya samu fatawa, ya samu waya, ya ga ya fita daga zunubi ba tare da ya taka ko'ina ba. Sai dai wayar hanya ɗaya ce. Tana kai magana, ba ta dawo da ita. Abin da kawai akwatin shago ke iya gaya wa na zaure shi ne firinta a kunne take da takarda a ciki, ko babu.

Lado kan kawo shayi zaure da hantsi, da rahoto.

"Malam, yau ma an amsa. Da ƙarfi, har da wa barakatuhu. Shi kaɗai a shago yana amsa wa inji sallama, masu wucewa na cewa ya taɓu."

"Ajiye shayin."

"Firinta ma ta ce a gaishe ka. Ta ce ita ta gaji da zama 'yar aike, ko sisin lada ba ta samu."

"Lado, sukari ya yi yawa."

Idan Lado ya fita, Misbahu kan daɗe bai taɓa kofin ba. Yana so ya ji amsar nan da kunnensa, da muryar nan da liman ya ce a rage. Tafiyar ba ta kai a sha kofin shayi ba. Amma duk shekarar da ta wuce sai ta ƙara wa hanyar tsawo, don yanzu ba sunan da aka kira kaɗai zai je ya yafe ba, sai ya bayyana dalilin shekarun, kuma ba shi da shi.

Wata damina Lado ya shigo ba wasa a fuskarsa. Ya ce Kamilu na fama da ciwon kai, jiya kofi ya suɓuce masa sau biyu, yana cewa hannunsa na dama kamar ba nasa ba. Misbahu ya sa takalmi. Ya kai har kusurwar masallaci, ya hango tagar shago a buɗe, ya tsaya. Ya juyo ya dawo zaure, ya tura shafi guda. Kwamfuta ta karɓa ba gardama.

"Ka gani? Ya kunna, ya sa takarda. Mai ciwo ba ya sa takarda."

"Malam, da hagu yake sawa."

"Zazzaɓin damina ne. Ka ce ya sha magani."

Haka ya mayar da wayar abin auna lafiyar ƙanensa. Kullum da safe ya tura sallama, in ta tafi sai ya sauke numfashi.

Ranar da ta ƙi tafiya, an kwana ana ruwa. Kwamfuta ta ce firinta ba ta amsa ba. Ya sake turawa, ta sake cewa haka. Dalili biyu ne kawai zai sa, kuma Misbahu ya san su duka biyun. Ko ruwa ya shiga tiyo, ko babu wanda ya kunna firinta. Na farkon ana gyara shi da fartanya. Ya ɗauki fartanya ya zaga lungu.

Ya fara daga bakin gidansa, yana tono yana ɗaga tiyo yana dubawa, cikin caɓi da ruwan kwata. Lungu ne da ba mai bi sai kaji. A daidai lokacin Lado na buga ƙofar gidansa kamar zai karya. Zinariya ta ce Malam ya fita da fartanya, ƙila 'yar gonarsa ta bayan dutse ya tafi. Aka tura ɗan acaɓa can. Mutumin da ake nema yana bayan katanga, a durƙushe, yana shafa tiyo yana neman huda.

Bai samu huda ba. Wayar lafiyarta ƙalau, aikin da ya yi mai kyau ne. Ana kiran azahar ya ɓullo ta gindin tagar shago, taɓo har gwiwa, ya ga kwaɗo a ƙofa. Teburin shayi a rufe da buhu. Yana tsaye sai ga Lado ya sauko daga acaɓa.

"Ina ka shiga? Ina ka shiga, Malam? Kamilu ya faɗi bayan asuba, muna asibiti tun safe. Yana ta kiran ka, yana ta kiran ka, har harshen ya tafi."

Misbahu ya saki fartanya. Abin da ya fito daga bakinsa, shi kansa bai san yana nan ba.

"Da wane suna ya kira ni?"

Lado ya dube shi daga hula har taɓon ƙafa. Mutumin da bai taɓa rasa abin tsokana ba, ranar ya rasa.

"Allah ya shirye ka. Hau mu tafi."

A asibiti Kamilu na kwance, ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. Fiddausi ta ja mayafi ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya," ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Idanun Kamilu a buɗe suke, sun bi shi daga ƙofa har bakin gado. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cin sa, maganar kuma sai yadda Allah ya yi.

Da aka sallame su, Misbahu bai yi shawara da kowa ba, ya sa aka wuce da shi gidansa. Ya ture kwamfuta gefe, ya shimfiɗa katifa a zaure inda iska ke shiga. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa alwala, shi ke ba shi kunu da cokali yana share abin da ya zubo ta gefen baki. In za a fitar da shi rana, a baya yake goya shi, ga shi da furfura, ƙafafun Kamilu na jan ƙasa.

Kuma ya yi magana. Mutumin da shekaru bai ce masa ko sannu ba, yanzu bakinsa ba ya rufuwa. Ya ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda aka kora daga aiki, da farashin taki, da rigimar 'yan kwamitin masallaci kan lasifika. Ya tuna masa Aujara, da ranar da jaki ya kayar da su cikin ƙaya. Har Zinariya kan leƙo ta ce, "Malam, ka bar shi ya huta mana, ka cika masa kunne." Sai ya rage murya, ya ci gaba da raɗa.

Abu ɗaya ya yi ta zagayewa. Sai wata ranar Juma'a, an watse daga masallaci, Lado da Malam Izzuddeen da wasu maƙwabta sun shigo dubiya, zaure ya cika. Misbahu ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban katifar, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban kowa. Ya cire hula.

"Kamilu, ni ne da laifi. Ka yafe mini."

Kamilu ya dube shi ya daɗe. Maƙogwaronsa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan ja sama. Malam Izzuddeen ya ce alhamdu lillahi, murmushi ne, ya yafe. Lado ma ya ce murmushi ne, ya rantse. Amma Misbahu ya fi su sanin fuskar. Tun da ciwon ya same shi haka bakin ke yi in yana son ruwa, haka yake yi in kwanciya ta dame shi. Ya matso kusa, ya sake tambaya a hankali, ya kara kunne a bakin. Numfashi kawai ya ji.

Kamilu ya rasu kafin a yanke gero. Malam Misbahu yana nan a zaurensa, ya bar buga takardu, yana sayar da biro da littattafan 'yan makaranta. Masu zuwa gaishe shi, in hira ta kai wurin, sukan ce ai an shaida, ƙanenka ya yafe maka kafin ya tafi, mutum nawa suka gani. Yakan cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Na dai tambaye shi," yake cewa.